Mama Yublina da Yawun Nenek Taroci

Kafin rana ta haska tekun birnin Kupang, Mama Yublina Tefa ta riga ta ɗaure akwatin ƙanƙararta a bayan babur. A ciki 'yan kwalabe ne, kowace ba ta wuce ɗan yatsa ba. Sana'arta roƙon yawu. Ƙauye-ƙauye take bi, a tofa mata, ta rufe, ta kai wa masu bincike a birni. A tofin nan suke karanta gadon da ke jikin mutum, wanda suke kira DNA, su gane su wa suka ƙetaro teku a kwalekwale, su wa suka tarar a gaɓa. A ɗigon yawu fa! Ashe tarihin da ba wanda ya rubuta kwance yake ƙarƙashin harshenmu.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don haka dole a faɗi abin da ta yi wa ƙauyenmu.

Wata damina ruwa ya zaftare bakin kogon da ke bayan gonakinmu, sai ga ƙasusuwan wata mata, a dunƙule kamar mai jin sanyi. Masu bincike suka ce ta yi shekaru dubbai a wurin, kuma akwai wani ɗan ƙashi a cikin kunnenta da zafin ƙasarmu bai cinye saƙonsa ba. Kunne, jama'a! Duk jiki ya yi shiru, kunne ya riƙe magana. Dattawa suka yarda a tafi da ita, amma da sharaɗi: in tamu ce, a dawo da ita mu binne ta kamar kowa. In ba tamu ba ce, ba mai ikon yi mata kuka, sai ta ƙare a akwati a birni.

Ba za a sani ba sai an gwada da yawun tsofaffinmu, musamman Nenek Taroci, wato Kaka Taroci, don ita kaɗai ta rage wadda duk kakanninta a kwarin nan aka haife su.

Ran da Mama Yublina ta iso, muka karrama ta yadda ya dace. Aka fito da pinang, goronmu mai rina baki, kowa ya tauna har da ita, don ba a fara magana da baƙo kafin haka. Sannan muka yi layi muka tofa mata da zuciya ɗaya. Kwalabe suka yi jawur. Daga birni aka ce ba abin da ke karantuwa.

Mama Yublina ta sake hawo dutsenmu. Sauran tsofaffi suka daure suka ajiye tauna, Nenek Taroci ta ce atafau.

"Nenek, rabin sa'a kawai, baki ba komai."

"Rabin sa'a? Tun ranar aurena bakin nan bai zauna haka ba. Karɓi jan, 'yar birni, ai ya fi kyan gani."

Mama Yublina ta miƙe tana kaɗe zani. "To shi ke nan. Bari in leƙa gidan Mama Orpa, an ce faten masararta ya fi na kowa a garin nan."

"Wa ya ce?"

"Kowa ma."

Tsohuwa ta furzar da abin da ke bakinta don magana ta fita sosai. "Orpa? Orpa mai dafa masara kamar tsakuwa? Da haƙoransa cif mijinta ya aure ta, je ki leƙa bakinsa yanzu!"

Haka ta yi ta zuba. Da ta lafa sai Mama Yublina ta ce, "Amma an ce wakenta..." wuta ta sake tashi. Maƙoshi ya bushe, aka miƙa mata ruwa, ta kurkure ta sha, ta ɗora daga inda ta tsaya. Maƙwabta sun cika ƙofa suna riƙe ciki. Can Mama Yublina ta duba agogo, ta miƙo kwalba. "Nenek, tofa wa masarar Orpa a nan." Ta tofa kuwa, fari tas, da iyakar ƙarfinta.

Ke ce mai haƙurin hawan dutse, Mama Yublina. Ke ce ba ki taɓa karɓar abin jikin mutum ki ɓace ba. Da amsa ta fito, kina iya aiko da saƙo ta waya, amma kika zo da ƙafarki, kika durƙusa gaban tsohuwa kika ce, "Nenek, ba zan ce matar kogon nan kakarki ce kai tsaye ba, amma jininku ɗaya. Taku ce."

Nenek Taroci ta miƙe tsaye. Sannan ta daka wa dattawa tsawa: "To me kuke jira? Kun bar mace tsirara a gidan mutane!"

Da hannunta ta saƙa zanen binnewa. Ke kuma kika rungumo akwatin ƙasusuwan a cinyarki a bayan babbar mota, kika hana a sa shi cikin kaya. Muka tare ku da ganguna tun daga gindin dutse, mata na kuka, wasu na rawa.

Mun gode, Mama Yublina. Ubangiji ya hutar da gwiwoyinki. Ku kuma masu tasowa da za ku gaji akwatin ƙanƙarar nan, in kun karɓi yawun mutane, ku koma da ƙafarku ku gaya musu abin da ya ce.