Tayoyin Da Suka Fitar Da Ni Rakiyar Ɗiyar Fari

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A shekarar da abin nan ya faru ni matar aure ce a wani lungu na Ƙofar Marusa, irin matan da in aka ga mayafinsu a titi to asibiti ne ko ta'aziyya. Karatuna bai wuce allo da ɗan abin da na tsinta a firamare ba. Sana'ata dubulan da alkaki da nakiya, a tsakar gida nake yi, masu biki su aiko su karɓa. Ba na zuwa ko'ina, amma ko'ina yana zuwa wurina, don duk wadda ta shigo sai ta zauna mun taɓa hira, har maigida yakan ce da surutu sana'a ce da tuni na kai shi Makka. Na ɗauki kaina mai iya zaɓe. Atamfa, tukunya, kabewa, ragon layya, in na sa hannu na latsa ba na kuskure, kuma unguwa ta shaida. Wannan yabon ne ya kai ni ya baro.

Maigida hatsi yake sayarwa a Babbar Kasuwa, yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da yake ji da ita kamar ɗiya. Wani abokinsa da ya rabu da tasa motar ya bar masa wili guda huɗu, ƙarafan nan da ake ɗaura taya a kansu, masu ƙyalli kamar sabon faranti, sun kuma fi na motarmu girma. Ya jingine su a zaure ya ce sai ya samu natsuwa zai nemo musu tayar da ta dace. Suka daɗe a nan. Kullum in zan share zaure sai na goge su da tsumma, ina ganin fuskata a ciki, ina jin haushin kyau irin wannan yana zaune kaji na hawa.

Ana nan ɗiyata ta fari ta haihu, aka kawo ta wankan gida. Mata sun san yadda abin yake da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban iya zama in yi hira da ita a gaban mutane, jikan ma sai na faki ido nake ɗaukarsa. Duk son da bakina ya kasa faɗa sai na juye shi a kan gara, na soya, na tuƙa, na cika robobi. Da lokacin komawarta ya matso sai wani tunani ya shige ni, cewa yarinyar nan ba za ta koma gidan surukanta a can hanyar Daura cikin mota mai baƙaƙen ƙafafu ba, alhali ga masu ƙyalli a zaure. Maigida ya tafi kudu da lodin wake. A waya ya ce ƙanensa ne zai tuƙa masu rakiya, motar lafiyarta lau, wilin nan kuma kada a taɓa sai ya dawo. Na ce to. Ina ajiye wayar na aika a kira mini ƙanen nasa.

Ƙanen mijin nan abokin wasana ne tun ina amarya, matarmu yake ce mini. Da ya ji buƙatata ya yi dariya ya ce shi direban aro ne, ba ruwansa, in Yaya ya dawo zai ce fin ƙarfinsa aka yi. Amma ya kawo mini wani mai sayar da taya har zaure, da samfur iri-iri a bayan babur, yadda dillaliya ke kawo atamfa. Ni kuma na riga na shirya, na auna bakin wilin da kara kamar yadda nake auna ƙafar yara da tsinken tsintsiya in za a sayo musu takalmin salla, na kuma ƙara yatsa biyu saboda ko'ina ana son sarari. Mutumin ya karɓi karan da ladabi ya jingine. Ya ce Hajiya ai wili ba ya girma, lambarsa na rubuce a jikinsa. Ya yi mini bayani cewa taya abu uku ake dubawa, faɗinta, da tsayin gefenta, da bakinta. Baki dole ya zo daidai da wili, ba zaɓi. Tunda kuma wilin nan ya fi na asali girma, sai a sa masa taya mai gajeren gefe, don in an haɗa su tsayinsu ya dawo daidai da wanda aka ƙera motar da shi.

Ya miƙo mini irin wadda yake nufi ta bayan labule. Na dube ta, siririya kamar awarwaro, ba tsoka ko kaɗan. Na ce masa wannan ai ba ta ƙoshi ba, ni ba zan ɗora jikana a kan taya mai yunwa ba. A raina na ce roba kaɗan yake son ya sayar mini da sunan gaye. Na sa ya jero sauran, na bi su ina latsawa, har na kai kan wata ƙatuwa mai kauri, zanenta kamar kitson amarya. Ya ce bakinta zai shiga, amma ta yi tsayi ta yi faɗi, kuma sunan kamfanin shi kansa bai san shi ba, cikin kaya aka haɗo masa. Ya nuna mini wasu na kamfanonin da direbobin haya suka sani suka yarda da su. Na ce suna ba ya ɗaukar kaya, jiki ke ɗauka. Ƙanen miji yana gefe yana zuga ni, wai matarmu ta fi injiniya, wai gobe shi ma ni zan zaɓa masa mata ta hanyar latsawa. Mai taya ya ce shi dai ya faɗi gaskiyarsa, ƙanen miji ne shaida.

Aka ɗaura, aka kawo motar ƙofar gida. Edita, ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ta miƙe tsaye kamar wadda aka yi wa albishir. Ƙanen miji ya zaga da ita har Ƙofar Kwaya ya dawo ya ce ba ta ce uffan ba. Abin da ni da shi ba mu lissafa ba, shi kaɗai ne a ciki, kuma mutum ne da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka. Tsofaffin wilin da tayoyinsu aka tura su zaure, notocinsu na zuba a gwangwanin madara.

Ranar tafiya aka fara lodi da hantsi. Buhun shinkafa, buhun gero, jarkar mai, katan ɗin taliya, robobin dubulan da alkaki, akwatin maijego, bahon wanka. But ɗin bayan motar ya cika har sai da aka ɗaure shi da igiya. Sannan masu rakiya suka shiga, yayar maigida da muke kira Gwaggo, wadda Allah ya yi wa jiki, da ƙanwata, da wata maƙwabciya, maijego da jariri a gaba. Ni ina daga cikin zaure ina leƙe, don uwa ba ta rakiyar ɗiyar fari, ko ƙofar gida ba a so a gan ta tana rawar jiki. Motar ta tashi. Tana sauka daga ɗan tudun ƙofarmu na ji wani ƙurrr daga baya, gajere, kamar an ja wuƙa a bakin tukunya. Ba wanda ya ji, ana ta sallama da addu'a. Ni na ji. Kunnen da ke gane mai ya yi zafi daga ɗaki ba zai rasa wannan ba. Na san roba ce ke gugar ƙarfe. Da na ɗaga murya a lokacin da sun tsaya. Sai na tuna maƙwabta sun cika lungu suna yaba ƙafafun mota, na tuna za a sauke buhuna a gabansu a ce zaɓen wance ne, na ja bakina na yi shiru. Na ce wa kaina wataƙila igiyar but ce.

Na koma tsakar gida na kasa zama. Na ɗora ruwa na sauke, na share inda na riga na share. Can wayata ta yi ƙara, ƙanen miji ne, kuma a karo na farko tun da na san shi bai ce matarmu ba, Yaya ya kira ni. Ya fara da cewa kowa lafiya, jariri ma barcinsa yake, sannan ya ce sun wuce gari da ɗan nisa, tun a hanya suke jin ƙauri, Gwaggo na cewa wani ne ke ƙona shara. Ashe nauyi ya danne bayan motar, bakin madigadi, ƙarfen da ke rufe saman taya, yana yankar gefen tayoyin baya duk ramin da aka faɗa. Ɗaya ta fashe, Allah ya sa ba gudu yake ba, ɗayar kuma ta tsage har zare ya fito. Safaya guda ce. Mai facin da ke kusa ya ce ba abin da zai yi wa taya mai yankakken gefe, a kawo na asali kawai. A bayan muryarsa ina jin Gwaggo tana tambaya wai wace ce ta zaɓi tayar, a haɗa ta da ita a wayar.

Gidan ba namiji, yara na makaranta, maƙwabta kuma su ne nake gudu. Na zari mayafi na fita titi da kaina na tare mai kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Muka loda tsofaffin wili huɗu, na ce ya tafi. Ya ce bai san wurin ba, bai san mutanen ba, kuma ba ya karɓar kayan da ba mai shi. Haka na hau bayan kurkura na zauna a kan taya, gwangwanin notoci a cinyata yana kaca-kaca, na ja mayafi na rufe fuska. Matar da ba a gani a titi, ga ta an ratsa gari da ita kamar buhun albasa.

Na same su a gindin wata bedi, an shimfiɗa wa maijego zane, an sauke gara an jera a bakin hanya kamar za a buɗe kasuwa. Ɗiyata ta ɗago ta gan ni a kan taya, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Na zaci kuka take, ashe dariya ce. Gwaggo kuwa ba ta rage mini komai ba, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an yi wa mota ɗinkin da ya fi ƙarfinta ba sai a gidan ƙanenta. Mai faci ya kama aiki, ya nuna mini inda ƙarfe ya ci roba, ya ce tayar ma ta daɗe a ajiye kafin a sayar, robarta ta bushe, shi ya sa ba ta yi gardama ba. Ina shirin hawa kurkura in gudu gida sai ga wata mota ta tsaya. Surukan ne, sun gaji da jiran baƙi abinci na hucewa, an gaya musu a waya, suka taho ɗaukar maijego. Uwar mijin da kanta ta fito. Muka durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ni ina neman ƙasa ta tsage. Ta ce wallahi wadda ta biyo ɗiyarta har nan da taya a cinya ba za ta juya ba ta sha ruwan gidansu ba. Na kawo uzurin duniya, ta kama hannuna ta sa ni a mota.

Haka na zama uwar da ta raka ɗiyar fari ɗakinta. Matan gidan suka yi ta tsokana, wai yau sun ga sabon salo daga birni. An ci an sha, an yaba gara, alkakina ya sha albarka. Da za mu taho ɗiyata ta faki ido ta riƙe gefen mayafina, ta ce a hankali ita dai ta ji daɗi da tayar ta fashe. Na ce ta gyara wa yaron hula. Maigida da ya dawo ya ji labari daga bakin mutum huɗu kafin ya iso gida. Ya tambaya ko jikansa ya ji rana. Da na ce a inuwa yake, sai ya ce to sauran duk roba ce. Daga baya shi da mai tayar nan suka sa sirara irin waɗanda na raina, na kamfanin da aka sani, kuma har yau ba su taɓa yin ƙara ba ko an cika motar.

Ina ba da labarin nan ana dariya, ni ma ina yi, amma in na tuna a kan titi aka yi, da jariri a gaba, sai in daina dariyar. Abin da na koya, iya zaɓen kabewa bai sa ka iya zaɓen komai ba. 'Yan'uwa, maza da mata, in kun canza wa mota wili, ku bar mai sana'ar ya haɗa muku lambar da za ta dawo da tsayin ƙafar yadda yake tun asali, ku ɗauki sunan da direbobi suka sani, ku tambayi shekarun tayar, kuma ku gwada motar da irin kayan da za ta ɗauka, ba da siririn mutum guda ba. In kuwa kunnenku ya ji abin da bai gamsu da shi ba, ku tsayar da tafiyar ko duk unguwa na kallo. Kunyar sauke buhu a ƙofar gida ƙarama ce. Ni na guje mata, na je na sauke su a bakin titi a gaban surukai. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu.