Tiya Biyu na Irin Gero

Ina shekara ta shida da fara koyar da kimiyya a wata lekol cikin garin Zinder, Inna ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa. Sau biyu Baba ya yi shuka a gonarmu ta Gaffati, sau biyu geron bai fito ba sai tsilli-tsilli. Irin da ya rage tiya biyu ne. Yayana ya tafi ci-rani, Baba kuwa yanar ido ta fara rufe masa gani, ƙafarsa ce ta san gonar.

Washegari na isa. Gonakin mutane sun yi kore shar, tamu fari fat.

"Da an yi ruwa zan zuba sauran," in ji Baba.

"In bai fito ba fa, Baba?"

Shi yana ganin ƙasar ce ta gaji. Ni kuwa tun a mota na yanke nawa zaton: maganin ƙwarin da Inna ta barbaɗa a buhun iri ne ya yi yawa, ya kashe shi. Na faɗa a gabanta. Ta tashi ta shige madafi, ranar ba ta ci tuwo ba.

A aji nakan rubuta a tablo, wato allo, cewa zato ba sani ba ne, sai ka shirya gwajin da zai iya ƙaryata ka, ka canja abu ɗaya ka bar sauran yadda suke. Ban taɓa faɗin haka da abincin iyayena a hannu ba. Na durƙusa na roƙi Baba kwana huɗu.

Na samo kwanoni huɗu, biyu na cika da ƙasar gonarmu, biyu da ta gonar maƙwabci wadda ta yi kyau. A kowace ƙasa, kwano ɗaya irinmu, ɗaya irin maƙwabcin, ƙwaya ashirin-ashirin, ruwa daidai wa daida, na jera su a tsakar gida. In iri ne ya mutu, namu ba zai fito ko'ina ba. In ƙasa ce, babu abin da zai fito a tamu.

Rana ta biyu aka sheƙa ruwa, irin wanda ake jira. Baba ya tsaya a bakin zaure da sungumi a hannu yana shaƙar ƙamshin ƙasa.

"Malama, ruwan nan ba ɗan lekol ba ne, ba zai jira ki ba."

"Kwana biyu, Baba. Don Allah."

Ya jingine sungumin. Na koma bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah.

Rana ta huɗu kwanonin duka suka tsiro. Iri lafiya, ƙasa lafiya. Na ɗora wa Inna laifin da ba nata ba, na sa mun rasa ruwa, kuma har yanzu ban san komai ba. Na je na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ya wuce. Ki dai nemo mana abin da ke cinye mu."

Na daɗe zaune gaban kwanonin. Me suke da shi da gona ba ta da shi? Katanga ce kawai. Wataƙila irin ba mutuwa yake ba, ɗauke shi ake yi.

Da yamma muka je ni da Baba, muka shuka gajerun layi biyu. Ɗaya na rufe da tsohon gidan sauro na danne da duwatsu, ɗaya na bar shi a buɗe na barbaɗe da toka. Da sassafe tokar nan ta cika da ƙananan sawu, kowane rami an tone shi. Ɓerayen daji ne, daga saurar da ke gefenmu, gonar da aka daina nomawa. Ƙarƙashin gidan sauron iri yana nan, har ya kumbura. Kafin hantsi iska ta shafe ramukan da rairayi, shi ya sa babu wanda ya lura.

Baba ya tsugunna yana laluben ramukan da yatsa.

"Tun ina saurayi nake noman gonar nan," ya ce. "Da idona da tuni na gani."

Muka sassabe saurar, muka ɗana tarkuna, wani ma'aikacin gona ya ba mu maganin gauraya iri. Ruwa bai dawo ba sai bayan kwana tara. Muka zuba tiya biyun, geron ya fito, amma damina ta ɗauke yana tsakiyar yin ƙwaya. Abin da muka ɗaure bai kai mu ƙarshen sanyi ba, sai da akuyar Inna ta tafi kasuwa.

Har yau ban sani ba ko jiran nan ne ya tsirar da ɗan abin da muka samu, ko shi ne ya rage mana. Gona ɗaya gare mu, daminar ma ɗaya ce, babu abin da zan gwada ta da shi. Na taɓa tambayar Baba, bayan an yi masa aikin ido. Ya ce shi ma bai sani ba, ya ce in miƙo masa buta.