Damin da ke ramewa kowace kaka

A shekarun da sabulu da madara suka ɓace daga kasuwar Bodinga, har muka fara gaisawa da gwangwanin madara idan mun gan shi, wani abokina malamin firamare ya dawo daga kwas da gemu da hoton wani jagoran 'yan gwagwarmayar kudancin Afirka, mai bindiga a kafaɗa.

Akwai wani ƙauye kusa da Shagari da kakannin mutanensa bayi ne. Har lokacin, kowace kaka suna kai damin gero gidan tsofaffin iyayen gijinsu, don a bar musu gonakin da suke nomawa. Malam ya rantse sai ya kashe al'adar. Ya goya ni a babur saboda ina da baki.

Dattijon ƙauyen ya karɓi hoton da yatsa biyu, kamar an miƙa masa kunama. Lokacin zaɓe ne.

"Malam, wanga wace jam'iyya yake?"

"Baba, ba ɗan takara ba ne. Yana yaƙi don 'yanta ƙasarsa daga Turawa. Ku ma ku tashi!"

"Ɗan wa ne garinsu?"

"Ɗan sarauta ne, amma..."

"To, wa ka yi mai noma yanzu da shike daji?"

Malam ya soma tari. Ni, mai bakin, na duƙufa kallon takalmina.

"Nan ma Turawa sun tafi," in ji tsohon, "munka yi rawa har ƙafa ta kumbura. Damin bai bi su ba. In anka ga hoton ga ɗakina, gobe a ce mun shiga adawa, a amshe gonar. Kai albashi gare ka, ɗana. Naɗe abinka."

A hanya Malam ya ce tsoro ya cinye mutanen. Shi kansa, na lura, ya daina kallon hoton da idon da. Har ya tambaye ni ko ina ganin mutumin ya taɓa riƙe fartanya.

Da kaka na gamu da tsohon zai kai damin. Wallahi tsintsiyar matata ta fi damin kauri.

"Baba, gero bai yi ba bana?"

"Ya yi, alhamdu lillahi. Igiyar ɗauri ce nike ragewa kaɗan duk shekara, tun kafin a haifi malaminku. Ba wanda yat taɓa aunawa."

Yau gonar tana hannun jikokinsa.