Motar da Aka Ɗan Taɓa Kaɗan

Shekarar da aka ƙara min girma a makarantar da nake koyarwa na ƙudurta sayen mota. Na gaji da tsayuwa bakin titi a Tudun Wada ina ɗaga wa masu keke hannu, su dube ni su wuce kamar bara nake yi. Tuƙi kuwa na iya tun mijina yana da rai, Allah ya jiƙansa.

Da na faɗa wa yayana, sai ya ce harkar mota ba ta mata ba ce, shi zai tsaya min. Yayan nan nawa bai taɓa mallakar abin da ya wuce babur ba, amma yana da aboki dillali, kuma a ganinsa wannan ya mai da shi masani.

Ranar Asabar da hantsi dillalin ya iso ƙofar gidanmu da motar. Mun ji zuwansu tun kafin su shigo layi, don awakin unguwa sai da suka watse. Tare da shi akwai mai motar, wani ɗalibin jami'a daga harabar Kongo da ya gama karatu zai tafi bautar ƙasa a kudu. Siriri ne mai ladabi, ya durƙusa ya ce, "Ina kwana, Mama."

Dillali ya wuce ni ya nufi yayana. "Alhaji, ga ta nan. An ɗan taɓa ta kaɗan."

Na zagaya na duba kaɗan ɗin. Gilasan baƙi ƙirin. Ƙafafun suna ƙyalli kamar kayan jeren amarya. An sassauke ta har cikinta ya kusa shafar ƙasa, an sa mata salansa mai bakin tulu. Da aka buɗe but, babu wurin da za a ajiye ko jakar hannu, sifikun kiɗa ne manya suka cika shi. Sannan dillali ya faɗi kuɗin, wanda zai sayi irinta da ba a taɓa ba har a samu rarar shan mai.

"Me ya sa ta fi 'yan'uwanta tsada?" na tambaya.

Ya amsa wa yayana. "Ai kuɗin gyara ne, Alhaji."

"Wani abu ne ya lalace aka gyara?"

Ɗalibin ya ce, "A'a, Mama. Kyau aka ƙara mata."

Yayana ya harbi taya da ƙafa, ya sa aka buɗe gaba, ya daɗe yana kallon injin yana gyaɗa kai. Daga nan ya sanar da mu cewa injin yana nan. Na ji daɗin wannan labari, na karɓi makulli na ce sai na gwada da kaina.

Yaya ya zauna gaba, dillali da ɗalibin suna baya. Gaskiya sitiyarin da laushi, birki yana kamawa, giya tana shiga ba gardama. Har na fara tunanin ko na zalunci motar a raina. Sai muka shiga Tudun Jukun, muka hau wani tudun rage gudu, cikin motar ya kurji ƙasa, a take kiɗa ya tashi daga but. Irin kiɗan da ba da kunne ake jin sa ba, da haƙarƙari ake ji.

"Kashe shi," na ce.

"Da waya ake kashewa, Mama," in ji ɗalibin, "kuma ta faɗa ƙarƙashin kujera."

Yana lalubenta muka sha kwana, sai ga rumfa an kafa ta cinye rabin hanya, maza zaune kan tabarmi ana zaman makoki. Ba halin gudu, ba halin juyawa. Haka na ratsa su a hankali, salansa tana gurnani, sifiku suna dukan ƙirjin masu ta'aziyya. A sahun gaba na hango shugaban makarantarmu. Mahaifinsa ne ya rasu, kuma da yammar ranar na shirya zuwa gaisuwa.

A karon farko na ga amfanin baƙin gilashi, domin ba wanda zai gane ni. Amma yayana mutum ne mai tarbiyya. Ya sauke gilashinsa, ya leƙa kai, ya ɗaga murya yadda za ta fi ta kiɗan.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Gwaji muke yi. Ƙanwata ce za ta saya, ga ta nan tana tuƙi."

Da yamma na je ta'aziyyar, don rashin zuwan ya fi muni. Shugaban ya amsa gaisuwata da kyau, ya yi min godiya, sannan ya ce, "Malama, da ba ki wahalar da kanki ba. Ai mun ji zuwanki da safe."

Kwana biyu ina juya maganar. Na kai motar wurin bakaniken da ya saba duba ta mijina, ya ce injin lafiya lau, ba ta taɓa haɗari ba. Wato abin da kamfani ya ƙera ba shi da laifi, abin da aka ƙara ne kawai ya hana ta zama mota, kuma shi ake so in biya wa kuɗi na musamman.

Na sa aka kira min ɗalibin shi kaɗai, na ba shi ruwa, na ce ina son motar amma ba na son kyan. Na ce ya kwashe sifikunsa da ƙafafun nan masu ƙyalli, ya ɗaga min ita yadda take a da, in biya kuɗin mota zalla. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shekara biyu yana cin garin kwaki don ya haɗa sifikun nan. Na tausaya masa ƙwarai, amma ban ƙara ko sisi ba. Ranar tafiyarsa ta matso, ya sallama.

Dillali ya zo ya ce an yi masa zagon ƙasa, duk da haka bai manta da la'adarsa ba. Yayana kuma ya riƙa gaya wa dangi yadda ya matsa har aka rage min kuɗi. Tsohuwar salansar ce ba a samu ba, ɗalibin ya sayar wa 'yan gwangwan tun tuni, don haka na yi zangon karatu guda ɗalibaina suna sanin na iso tun ina bakin kasuwa. Kullum a nutse nake samun ajina a wannan zangon.

Bayan wata biyu ɗalibin ya kira ni daga kudu, ya gaishe ni, ya tambayi motar. Ya roƙe ni don Allah kada in riƙa ɗora mata kaya masu nauyi, ba ta saba ba. A lokacin ina dawowa daga Gyallesu da buhun gawayi biyu a baya. Na ce masa tana nan lafiya, tana gaishe shi.