Hannun Yaya Habu a buɗe yake

Shekara bakwai ke nan da ranar da ina shagon turare a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, ina zuba wa wani alhaji turaren wuta a kwalba, wayata ta yi ƙara. Maƙwabcinmu ne na unguwar Kurayyat. Ya ce, "Sani, bar abin da kake yi. Habu ya faɗi a saman bene, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa." Na ajiye kwalbar ban ko rufe ta ba.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Umra ta kawo shi Jidda, ya zauna babu iƙama, wato takardar izinin zama, yana dako a bakin teku. A can ya haɗu da wani dattijo mutumin Okinawa ta Japan mai gyaran injin jirgin ruwa, shi ya koya masa karate. Cikin abin da ya koya akwai Sanchin, wato jerin taku da motsin hannu da numfashi wanda mutum ke yi shi kaɗai. Dattijon da tafin hannu a buɗe yake yi, yatsu a miƙe, numfashi gajere. Haka Yaya ya karɓa, haka ya koyar da 'ya'yan Hausawa bayan asuba a saman benenmu, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya.

Ya san akwai masu yi da hannu a dunƙule, suna jan numfashi mai gurnani. Bai taɓa kushe su ba. Yakan ce a can Okinawa ma gida-gida ne, kowa da yadda malaminsa ya ba shi.

Watan jiya na je unguwar Ruwais, inda babban ɗalibinsa Fahad, haifaffen nan, ya buɗe wurin koyarwa mai na'urar sanyi da madubi bango guda. Hoton Yaya na rataye a sama. A ƙarƙashinsa ɗalibai na yin Sanchin da hannu a dunƙule. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da wani ya buɗe tafi, Fahad ya danne masa yatsu ya ce, "Wannan kuskuren Ustaz ne, Allah Ya jiƙansa. Bai yi jarrabawa ba."

Bai yi jarrabawa ba! Wa zai rubuta sunan mutumin da ko motar 'yan sanda ya hango sai ya sake hanya? Shi ya tura Fahad ya je ya yi jarrabawar ya karɓo takardar shaidar da shi ba zai samu ba. Yau da takardar ake gyara masa kabari. Da yana raye na san ba zai ɗaga murya ba, zai dai tambaya a wane gida aka ce tafi buɗe laifi ne. Ni ban kai shi haƙuri ba.

Na ja Fahad gefe na ce, ko ya sauke hoton, ko ya daina kiran abin kuskure. Ya sumbaci goshina ya ce, "Ya ammi, baffana, halas, alƙalan gasa ba sa karɓar wancan a wurinmu. In kana so a riƙe shi, tafaddal, bismilla, zo ranar Juma'a ka nuna musu."

Ɗalibansa na farko sun watse. Wasu an mayar da su gida, wasu aiki ya cinye su. Abin da ya rage na Yaya a garin nan hoto ne a bangon da ake ƙaryata shi, sai kuma ni, da na fara koyo da furfura a gemu, a shekararsa ta ƙarshe.

Zan je ranar Juma'a. Zan nuna musu Sanchin, tsayuwar da takun da bugun yatsu yadda ya ɗora ni a kai. Amma a wurin juyawa muka tsaya, ya rasu. Bai koya mini yadda ake rufe shi ba.