Hajiya Kafayatu Sheshi da Zargin Ganye

Haihuwa da asali

An haifi Hajiya Kafayatu Sheshi a garin Minna a shekarar 1961, a gidan Malam Sheshi tela da mai ɗakinsa Malama Salamatu, Nufawa 'yan asalin Bida waɗanda neman halali ya zaunar da su kusa da tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta yana ɗinka kakin ma'aikatan jirgi, mahaifiyarta kuma tana sayar da busasshen kifi. Ita ce ta uku a ɗakinsu, kuma ta tashi tana Nufanci a cikin gida, tana Hausa a waje. Waɗanda suka san ta da ƙuruciya sun haɗu a kan cewa yarinya ce mai ladabi amma mai gardama, wadda ba ta karɓar magana sai ta gani da idonta, halin da ya sha janyo mata bulala a makarantar allo.

Karatu

Ta shiga firamare a Minna a shekarar 1967, ta wuce sakandaren 'yan mata a Bida a 1974, sannan a 1979 ta tafi Zariya koyon ilimin gwaje-gwajen asibiti, inda ta ƙware a fannin ƙwayoyin cuta. Dangi ba su yi na'am da wannan zaɓi ba, domin a fahimtarsu ta bar aikin nas mai farin kaya ta zaɓi duba fitsari da majinar mutane. Malam Sheshi, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya rufe zancen da cewa shi ma awon jikin mutane yake yi kafin ya sa almakashi, kuma bai ga aibin mai awo ba. Ta kammala a 1983 da sakamako mai kyau.

Aiki da aure

A shekarar 1984 ta kama aiki a wani asibitin al'umma da ke gefen garin Minna, wanda manoma da makiyaya daga Paiko da Kuta suka fi zuwa. Ɗakin gwajin da ta tarar ɗan ƙarami ne, da madubin duba ƙwayoyi guda ɗaya da firjin kananzir. A 1985 aka ɗaura aurenta da Malam Uthman Abdulwasiu, malamin lissafi, mutum mai sanyin hali wanda ya yi haƙuri da matar da ke sa baƙi wanke hannu kafin ta gaisa da su sosai. Sun zauna a unguwar Sauka Kahuta, kuma a nan aka haifi 'ya'yansu duka.

Zargin ganye

Tun wajen shekarar 1990 wata musiba ta addabi ɗakin masu miki da ƙuna na asibitin. Sai a wanke wa mutum ciwo, a naɗe da farin bandeji, washegari a kwance a tarar bandejin ya yi kore, yana wani wari mai ɗan zaƙi. Daga nan ciwon ya ƙi haɗewa, ya ci nama ya kai ƙashi, allura ta ƙi aiki, a ƙarshe a yanke ƙafa ko hannu. Ma'aikatan sun taso a gidajen da ake daka ganye a ɗaura a kan ciwo, sun san launinsa, don haka da sun ga kore hukunci ɗaya suke yankewa, wato an sa ganye. Sai a hau dangi masu jinya da faɗa, a binciki kwanukan abincinsu da ƙullin zanensu, wani lokaci a kore su daga ɗakin. Wannan zargi ya yi sauƙin karɓuwa, saboda a gaskiya akwai masu shigowa da maganin gargajiya a ɓoye, kuma da wuya a sami wanda zai tsaya wa baƙauye idan nas ta yi rantsuwa.

A shekarar 1994 aka kwantar da wani makiyayi mai suna Buba daga wata ruga a ƙasar Paiko, wanda babur ya fasa wa ƙwauri. Bandejinsa ya yi kore, aka zargi matarsa Adama, aka hana ta shiga. Ta zauna a gindin darbejiyar da ke daura da tagar ɗakin gwaji, tana faɗa wa duk mai wucewa: “Wallahi, Allah shi ne shaida, ban sa komi ba. Ko ganyen miya ban shigo da shi ba.” Duk da an raba ta da mijin, koren bai daina fitowa ba, aka ce ai ta ba wata ce ta sa mata. An yanke ƙafar Buba daga gwiwa, kuma danginsa sun ɗora wa Adama alhakin, har zaman ya gagara ta koma gidan iyayenta. Wannan al'amari ya yi wa Kafayatu ciwo ƙwarai, domin tun a Zariya ta karanta labarin wata ƙwayar cuta mai fitar da launin kore, amma ba a taɓa aiko mata da ruwan miki daga wannan ɗaki ba, tunda kowa ya riga ya san mai laifi.

Binciken koren

Ta nemi izinin shugabar ɗakin, Sista Rifkatu Gaiya, mace mai tsafta da zafin rai wadda ita kanta ta kori masu jinya da dama. Sista Rifkatu ta amince, da sharaɗin idan gwaji ya nuna ganye ne, Kafayatu za ta daina yi mata katsalandan. Kafayatu ta ɗebi ruwan miki ta shafa a farantan da ake rainon ƙwayoyi, ta rufe su a ɗakinta inda babu mai jinyar da zai kai hannu. Da ta buɗe sai ga farantan sun yi kore shar, da wannan warin dai. Ta kai wa Sista Rifkatu ta ce: “Sista, ga naki. Wannan kuma wace ce ta sa masa ganye?” An ruwaito cewa Sista Rifkatu ta daɗe tana kallon farantin, sannan ta zauna ta yi kuka.

Ƙwayar ita ce wadda masana ke kira Sudomonas. Tana son wuri mai danshi, ba ta cika damun mai lafiya ba, sai ta sami kafa a jikin wanda ya ƙone, ko mai buɗaɗɗen ciwo, ko mai ciwon sukari. Matan biyu suka bi ɗakin lungu-lungu suna ɗibar samfuri, suka same ta a bakin famfo da tsumman goge ƙasa, amma babbar matattararta ita ce tulun ruwan wanke miki. Al'adar ɗakin ita ce ba a bari tulun ya ƙare. Da ya yi ƙasa sai a yi masa ciko da ruwan durom da ɗan magani, don tattali. Shekaru ana ciko ba a taɓa juye shi an wanke ba, har maganin ya salance, ƙwayar ta yi gida a ciki, ana shafa wa majinyata ita da hannun masu jinyarsu na asibiti.

Daga 1996 zuwa 1999 ta faɗaɗa binciken ya zama aikin digirinta na biyu. A cikin samfuran da ta tattara a asibitin, na miki da na kunne da na fitsari, ta sami ƙwayar a kusan ɗaya cikin huɗu, kuma ta fi yawa a ƙuna da gyambo. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne gwajin jin magani. Mafi yawan ƙwayoyin sun daina jin allurar da asibitin ya saba bayarwa, balle kafso ɗin da mutane ke saye a kemis su fasa su barbaɗa a kan ciwo. Allura ɗaya ce kawai ta rage da ke kashe su, kuma an fara ba da ita ga duk wanda ya yi zazzaɓi. Ta rubuta ƙarara cewa idan wannan ma ta daina aiki, babu abin da zai saura wa mai koren miki sai wuƙa.

Dokar awo

A shekarar 2000 hukumar asibitin ta amince da shawarwarinta. Aka fasa tulun, aka koma haɗa ruwan wanke miki sabo kowace safiya. Aka kuma kafa ƙa'idar da daga baya ma'aikata suka laƙaba wa suna dokar Hajiya: ba a taɓa allurar ƙarshe, wato ɗayar nan da ta rage tana aiki, sai an kai ruwan ciwo ɗakin gwaji an ga sakamako, in ban da wanda likita ya ga rayuwarsa na cikin haɗari. Dokar ta janyo mata baƙin jini, musamman wurin masu hali da ke ganin jira wulaƙanci ne, kuma ba za a ce tana da laushin baki wurin ba su amsa ba. Ita da Sista Rifkatu sun yi tattaki har rugar su Buba suka wanke Adama a gaban dangi, amma sun tarar ta riga ta yi wani aure, abin da Hajiya ta ce bai taɓa barin zuciyarta ba.

Ta sauke farali a 2005, ta zama shugabar ɗakin gwaji a 2008. Ta horar da matasa masu yawa, cikinsu har da Josiah Yona wanda ya gaje ta, kuma ta sha zama da masu kemis na Minna da Paiko tana roƙonsu su daina sayar da rabin magani. Wasu sun ji, wasu sun yi mata godiya sun ci gaba da abin da suke yi. Yanke ƙafa dai ya ragu a ɗakin har ya zama abin da ake jima ba a gani ba.

Ritaya da jinya

Ta bar aiki a shekarar 2019, tana fama da ciwon sukari. A 2022 tafasasshen ruwa ya zubo mata a ƙafar hagu, ƙunar ta ƙi warkewa, aka kwantar da ita a ɗakin da ta yi wa hidima. Da aka kwance bandeji aka ga kore, ta dubi 'yarta Rashidatu da ke jinyarta ta ce: “To, ke ce kika sa ganye ko?” Babu wanda ya yi dariya sai ita. 'Ya'yanta suka matsa a fara mata allurar ƙarshe nan take, kuma babu ma'aikacin da zai hana. Ta tambayi likita ko rayuwarta na cikin haɗari, ya ce ba ta kai nan ba tukuna, amma ƙafar tana ciki. Ta ce a kira Josiah ya ɗebi ruwan ciwon, domin ta sa matan makiyaya sun jira, ita ma za ta jira. Malam Uthman ya faɗa daga baya cewa bai taɓa jin haushinta kamar a wannan jiran ba, kuma tsoron da ya gani a idonta bai fi nasa ba.

Josiah da kansa ya kawo farantin bakin gadonta. Ƙwayar tana jin allurar ƙarshe, kuma tana jin tsohuwar allurar nan da aka fid da rai da ita tun kafin a fasa tulu. Hajiya ta sa tabarau ta duba, ta sa ya karkata farantin wajen haske ta sake dubawa, sannan ta yi hamdala ta ce a ba ta tsohuwar, a ajiye ɗayar wa mai buƙata. Ciwon ya haɗe a hankali, kuma kafin azumin shekarar da ta biyo tana takawa zuwa islamiyyar unguwa ba tare da sanda ba.

Rasuwa

Allah ya yi wa Hajiya Kafayatu Sheshi rasuwa a gidanta da ke Sauka Kahuta a watan Yuli na shekarar 2024, sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara sittin da uku. An yi jana'izarta bayan sallar azahar, aka binne ta a maƙabartar unguwar, kuma Musulmi da Kirista daga asibitin sun cika gidan makoki. Ta bar mijinta, Malam Uthman Abdulwasiu, da 'ya'ya huɗu: Saifuddeen, injiniyan ruwa; Rashidatu, malamar makaranta; Hussaina, mai harhaɗa magunguna; da Abdulwasiu, ɗalibi; sai jikoki bakwai. Rashidatu, wadda tana cikin matan da suka yi mata wanka, ta ce da ta zo kan ƙafar hagu ta daɗe tana riƙe da ita, domin ga tabon ƙuna nan, amma ƙafar cikakkiya ce da yatsunta biyar. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.