Ranar da Abednego Ya Riƙe Garma

A Tungan Maje babu wanda ya kai Abednego sanin sunayen taimako da Turanci, kuma babu wanda ya kai shi gudun yin sa. Ya daɗe yana aiki a wata ma'aikata cikin Abuja, muƙaminsa office assistant, wato mai kai fayil daga teburin wannan oga zuwa na wancan. Fayil ɗin ma sai mai shara za ta wuce ya ɗora mata. Amma kunnensa ya sha taro. Yakan tsaya bakin ƙofa da tiren shayi, yana jin manya suna cewa za su support, za su facilitate, za su intervene, a tashi ba a ɗaga ko tsinke ba. A nan ya gane taimako sana'ar baki ce.

Da ya yi ritaya sai ya dawo da sana'ar gida. Mota ta maƙale a taɓo, Abednego zai zo ya coordinate, hannu a aljihu, yana "Ku tura ta hagu!" Matarsa Magdalena ta ce ya kama mata buhun masara, ya ce, "Maman Marvel, ni aikina in empower ki."

"Baban Marvel, Allah ya empower ƙugunka," in ji ta, ta ɗaga abinta.

Zaman ritaya ba ya cika tukunya, don haka ya roƙi Baba Yamusa, dattijon Gbagyi mai filaye a bayan gari, ya ara masa gona. Baba ya ba shi da sharaɗi: a tayar da kunyar doya bana, in ba haka ba a ba wani, masu so suna nan a layi.

Abednego bai damu ba, ai akwai gayya. 'Yan unguwa sukan haɗu su yi wa mutum aikin gonarsa, wani satin a koma ta wani. Bai taɓa fashin zuwa ba, sai dai isowarsa kullum takan yi daidai da isowar tuwo. Ya zo da lema, ya zagaya, ya ce, "Well done, ina backing ɗinku!" ya wanke hannu.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, ranarsa ta zo. Ya sa farar riga, ya kafa kujera a inuwa. Mutane suka zo da garmuna, suka jeru a bakin gona, suka tsaya. Fatihu mai facin taya ya miƙo masa garma.

"Oga Abed, bismillah."

"Bismillah me? Ni zan supervise."

Baba Yamusa ya ce, "A gayyarmu, mai gona ne yake shiga gaba. Ka yi ɗaya, mu yi ɗaya. Ka tsaya, mu tsaya."

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun kullum. Kai ne ba ka zuwa da safe."

Ya dubi filin, ya dubi rigarsa, ya tuna masu jira a layi. Ya karɓi garma. Kunyarsa ta farko ta fito kamar kabarin ƙadangare. Kowa ya tayar da tasa guda, ya dogara garma, ya zuba masa ido. Ya share gumi, suka share gumi. Ya miƙe yana dafa baya, suka miƙe suna dafa baya, har da masu nishi don zumunci.

"Gentlemen," ya ce yana haki, "ina ganin zan delegate."

"Oga, delegate ɗin ya zo ya kama garma mana," in ji Fatihu. "Mu ba mu da gardama."

Kafin rana ta take, ƙugun Abednego ya ƙi. Ya zauna daɓas a ƙasa, gayya duka ta zauna. A haka Magdalena ta same su, da tuwo a ka. Ta dubi ɗan gefen da aka taɓa, ta dubi sauran filin da ko kaza ba ta tona ba. Ta sauke kwano, ta ɗaure zani, ta zare garmar daga hannun mijinta.

"Baba, matar mai gona tana iya jan gaba?"

"Wanda ya ja gaba, shi ne mai gona."

'Yar manoma ce, tun tana ƙarama take wannan aiki. Ta sunkuya, ƙasa ta fara tashi, maza suka bi ta da gudu, Fatihu yana ihun "Madam, a hankali, muna da iyali!" Kafin la'asar kunya ta cika fili reras.

Baba Yamusa ya karkaɗe hularsa ya ce daga yau gonar Maman Marvel ce.

"Baba, ni fa na negotiate filin nan!"

"Ka yi ƙoƙari."

Daga can ƙarshen gona Magdalena ta ɗaga murya: "Baban Marvel! Ruwa!"

Abednego ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman wanda zai aika. Kowa ya ga abin kallo a sama. Ya tashi a karkace, ya ɗauki jarka.